Gwanin Silin: Rufi Yake Fara Dubawa Kafin Ado

A Kwaciri, cikin ƙaramar hukumar Fagge, gidaje bango da bango suke, rufin kuma galibi na kwano ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, ɗakin da babu silin ba ya zaunuwa da rana. Magabata sun yi maganin wannan da azara da ƙasa, kamar yadda ake gani a Gidan Makama. Yau nauyin ya koma kan mai aikin silin.

Gwani ba ya fara nuna wa mai gida hotuna a waya. Tsani yake kafawa ya leƙa kwanon. In ya hango haske ta wata huda sai ya ce, "Alhaji, a fara toshe yoyon nan, in ba haka ba ruwan Agusta zai cinye kuɗinka." Daga nan ya ƙwanƙwasa katako ya ji ko gara ta shige shi, sannan ya auna tsayin ɗakin. Silin da aka sauko da shi da yawa yana matse iska, ga fanka dab da kan mutane.

Sai ya gama wannan yake zancen zaɓi, kuma kowane ɗaki da nasa. POP garin jifsam ne da ake kwaɓawa, ya dace da falo da ɗakin amarya don yana ɗaukar zane. Yana kuma jinkirta wuta, saboda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne. Aibinsa nauyi, kuma ba ya shiri da yoyo. PVC ba shi da nauyi, jiƙa ba ta damunsa, shi ya sa ake kai shi banɗaki, amma wuta na narkar da shi ya tayar da hayaƙi mai guba. Ɗan kasuwar da ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ofis da shago kuwa, falle mai santimita 60 a kowane gefe ya fi, domin ana ɗaga guda a gyara wayar lantarki a mayar. Tsohon asbestos kuwa, gwani ba ya bari a yanka shi a cikin gida, don ƙurarsa na jawo ciwon daji.

Wajen ɗaurawa ake gane hannu. Da siririn tiyo mai ruwa yake daidaita kusurwoyi huɗu, ya ja zare, ya shafe katakon da ya zaɓo da maganin gara. Ba ya rufewa sai mai lantarki ya gama shimfiɗa wayoyinsa, kuma yakan bar 'yar ƙofar da za a hau sama in gyara ya taso.

Mai gida, idan ma'aikaci ya yanka maka farashi bai hau ya duba rufinka ba, nemi wani.