Littattafan Tarihin Zamfara da Ƙananan Garuruwan Yamma

Malamin da ya so ya koya wa ɗalibansa tarihin ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, littattafan da zai dogara gare su ba su da yawa. Na farko shi ne Geschichte von Zamfara na Kurt Krieger, Bajamushe, wanda aka buga a Berlin cikin 1959. Na biyu kuwa kundin digirin Garba Nadama ne, wanda ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, cikin 1977, kafin ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato. Ban da su sai 'yan shafuna a cikin Gazetteer na Lardin Sakkwato da E. J. Arnett ya fitar a 1920, da littafin Hogben da Kirk-Greene na 1966.

Krieger ya yi aikin da ya cancanci yabo. Ya zauna a Anka, ya saurari dattawan fada, ya jera sarakunan Zamfara tun daga Dutsi, ya biyo su Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a zamanin Sarkin Gobir Babari wajen 1762, har ya kawo su Anka bayan sun yi ta ƙaura. Amma fa abin da ya ji daga fada ya ji shi, fada kuwa labarin gidanta take riƙewa. Saboda haka littafin ya zama tarihin gadon sarauta: wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya yaƙi wane. Shekarun sarakunan farko ma, tilas mai karatu ya riƙe su da hannu sako-sako, gama jerin sunayen da aka gada a baka ya fi aminci wajen tsari bisa ga lissafin shekara. Ga kuma Jamusanci, wanda ya rufe ƙofar littafin ga jikokin waɗanda suka ba da labarin.

Nadama ya faɗaɗa fagen ƙwarai. Ya tambayi yadda daular ta kafu, da abin da ya riƙe ta, da dalilin rushewarta, watau ya shigo da zaman jama'a cikin maganar. Duk da haka abin da ya sa gaba daula ce, ba ƙauye ba. Gidan Sarkin Mafaran Gummi da na Sarkin Dankon Bukkuyum kowanne yana da nasa labarin asali, wanda ya isa a yi masa littafi na kansa.

A nan ne sha'anin Duza ya zama abin lura. Ƙaramin gari ne cikin ƙasar Anka. Sunansa bai bazu a rubuce ba sai a 2010, sa'ad da gubar dalma ta fito daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Daga nan Duza da Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma suka shiga rahotannin likitoci, aka auna ƙasar tsakar gidajensu, aka ƙidaya yaransu. Rahotannin nan rubutattun shaidu ne na gaske, mai tarihin gobe ba zai iya tsallake su ba. Sai dai ba su tambayi wanda ya sari garin ba, ko inda mutanensa suka fito, ko lokacin da manomi ya fara ajiye fartanya ya ɗauki diga.

Kayan cike giɓin suna nan. A Gidan Adana Takardun Ƙasa na Kaduna akwai fayilolin Lardin Sakkwato, cikinsu da rahotannin kimanta haraji waɗanda Di'o-Di'o suka rubuta gunduma-gunduma, da sunayen ƙauyuka da sana'o'insu. Don haraji aka yi su, mai gari kuwa ba ya son a san yawan mutanensa duka, saboda haka alƙalumansu sai an tace. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Akwai kuma takardun ajami da ke cikin gafakokin limamai, na gado da na iyakar gona. Waɗannan su ne mafi saurin salwanta, musamman tun da rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama a yammacin Zamfara, mutane suka watse zuwa Anka da Gusau.