Taswirar da Ba Ta Ga Garke Ba

Sunan unguwarmu ma awo ne: Kilomita Biyar, nisanmu daga tsakiyar Bangui. Shi ya ja hankalina ga taswirorin da hukumar IGN ta Faransa ta zana wa Ubangi-Shari a shekarun 1950. Aikin ya yi kyau, tuddan Bouar da rafukan Bambari duk sun fito tsaf. Sai dai Mbororo sun shigo ƙasar da shanunsu daga Kamaru tun shekarun 1920, amma takardar ba ta faɗi inda garke ke damina ko inda yake gangarawa da rani ba. Ranar da rigimar burtali ta kai gaban hukuma, wannan shirun na iya zama hujja a kan makiyayi.