Gwanintar malamar aji ɗaya a shekarar korona

Kukan ranar farko a makaranta ba sabon abu ba ne. Duk wadda ta daɗe tana koyar da 'yan nazire ko 'yan aji ɗaya ta san maganinsa: ta durƙusa, ta yi wa yaro murmushi, ta riƙe hannunsa, in ta kama ta ɗauke shi ta jijjiga. To a watan Oktoban 2020, lokacin da aka sake buɗe makarantu a yawancin jihohin Najeriya bayan rufe su tun watan Maris, waɗannan dabaru ne dokokin kariya daga korona suka fara ƙwacewa. Murmushi ya shige bayan takunkumi, riƙe hannu ya zama abin kaffa-kaffa. Yaron da ya shafe wata shida ana ce masa kada ya leƙa waje akwai cuta, shi ne aka wayi gari aka sa wa yunifom, aka miƙa shi ga baƙuwar da rabin fuskarta a rufe yake.

Gwanayen malamai sun gane cewa tun daga bakin ƙofa ake cin nasara ko a sha kaye. Na'urar auna zafin jiki da ake saita wa mutum a goshi siffar bindiga gare ta, kuma a idon ɗan shekara huɗu, mai takunkumi ba kowa ba ce illa mai allura. Don haka malama ba ta fara auna yaro ba. Sai ta auna kanta yana kallo, ta auna mahaifiyarsa, wani lokaci har jakarsa ta auna don ya yi dariya, sannan ta ce, "Saura kai, babban mutum." Wata kuma takan ja da baya 'yan taku, ta sauke takunkumin ya ga fuskarta sarai, ta kira sunansa, sannan ta mayar. Daga nan sai ta ɗora aikin da baki yake yi a kan ido da murya: ta ware ido, ta ɗaga gira, ta sassauta magana. Yaro mai ƙiwa yana karanta waɗannan fiye da yadda manya ke zato.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke sallamar iyaye. Al'adarmu ce a shagaltar da yaro da alawa, uwa ta sulale. Gwanar malama ba ta yarda da haka. Takan ce, "Maman yaro, ki yi masa sallama ya ji da kunnensa, ki faɗa masa lokacin da za ki dawo." Kuma ba da agogo ake faɗa ba, don bai san ƙarfe sha biyu ba. Da abin da ya sani ake yi masa alkawari: za ka yi karatu, a fita tara ka ci abincinka, a yi wasa, kafin a kira azahar ina nan. Zai yi kuka, babu shakka, amma kukan rabuwa ne, wanda yake ƙarewa. Wanda aka sulale aka bari kuwa, gobe tun daga gida zai riƙe zanen uwarsa, domin ya koyi cewa in ya ɗauke ido za a gudu. Sharaɗin kawai shi ne uwa ta cika alkawari, musamman a makon farko.

Sai dokokin kansu. Faɗa wa ƙaramin yaro ya ba da tazara ɓata yawu ne. Malama sai ta ɗauki alli ta zana wa kowa da'irarsa a ƙasa, kamar za a yi 'yar gala-gala, ta ce nan ne gidanka, ba a shiga gidan wani sai da sallama. Wanke hannu na daƙiƙa 20 da hukumomin lafiya suka ce a yi, ta mayar da shi ƙirga da tafi a gaban bokiti mai famfo, irin wanda Veronica Bekoe ta ƙasar Ghana ta ƙirƙiro. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu ko dafa ƙirji, atishawa kuma a lanƙwasar hannu. Ba ta cika yaran da labarin mutuwa ba. Cewa take yi akwai wata mura da ake gudu, sabulu ne ke korar ta.

Masu lura a cikin malaman ba su ma tilasta wa 'yan ƙanana takunkumi ba, kuma suna da hujja. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar kada a wajabta shi ga yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Duk wanda ya ga takunkumin ɗan nazire bayan an tashi tara, ya sha majina da man abinci, wataƙila ma an yi musanyensa da na aboki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. A makarantun gwamnati da ake cusa yara fiye da kima a aji guda, ba fili ba ruwa, da'irar alli ba ta da wurin zama, sai dai a fita ƙarƙashin bishiya ko a raba ranakun zuwa. Amma ko a can, yaron da ya koma jiƙa wando ko tsotsar yatsa bayan ya daina, gwana ba ta kai masa bulala. Ta san tsoro ne, sai ta canja masa a ɓoye, ta ba shi aikin raba alli don ya ji shi ma wani ne. A makonnin farko ba ta damu da baƙi da wasali ba, domin yaron da hankalinsa bai kwanta ba ba ya riƙe karatu.

Har yanzu makarantu da yawa sabon malami ko wanda ake ganin bai kai ba suke turawa aji ɗaya, su ajiye ƙwararru a aji shida saboda jarrabawa. Shugabannin makarantu da masu su, ku juya wannan lissafi: ku ba aji ɗaya malamin da ya fi kowa iya yara, ku kuma biya shi daidai da aikinsa.