3.4 Sharhi a kan Amfani da Rariyar Sauti Wajen Ɗaukar Magana

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, sauti kaɗawar iska ne, kuma ana auna shi da haz, wato yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan'adam yana jin abin da ya kama daga haz 20 zuwa wajen haz 20,000. A can ƙasan wannan ma'auni ne rugumin iska da gurnanin janareta da motsin hannu a jikin makirfo suke taruwa. Saboda haka ne aka ƙirƙiro abin da wannan bincike ya kira rariyar sauti, wadda take barin siririn sauti ya wuce, ta rage mai kauri. Akan same ta a jikin wasu makirfo, kamar Neumann U 87 da Shure SM7B da Rode NTG2 wanda tasa take kan haz 80. Wasu kuwa, irin su Sennheiser MKH 416 da ya yi fice wajen ɗaukar fim, ba su da ita, sai dai a nemo ta a na'urar haɗa sauti.

Babu musu a kan amfaninta. Abin dubawa shi ne yadda wasu ma'aikatan rediyo da na fim suke ɗaukarta tamkar maganin kowace cuta.

Da farko dai, rariya ba ta yanke sauti kamar wuƙa, a hankali take zaftare shi. Wadda aka ɗora a kan haz 80 mai gangaren desibel 12 takan rage kimanin desibel 3 ne kawai a kan haz 80 ɗin, sai an sauka zuwa haz 40 ragin yake kai wajen desibel 12. Wannan yana da muhimmanci idan aka yi la'akari da wutar lantarki. A Nijeriya da Nijar wuta tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan zuginta ya shiga waya ba ya zuwa shi kaɗai, yakan taho da 'ya'yansa a kan haz 100 da 150 da 200. Rariya za ta rage uwar, ta bar 'ya'yan, alhali su ne ƙaramar lasifikar rediyo ko ta wayar hannu ta fi fitarwa. Ke nan gyaran waya da nisantar da janareta sun fi danna maɓalli.

Haka abin yake ga iska, musamman ta hunturu. Idan ta bugi fatar makirfo da ƙarfi har ta cika na'urar ƙara sauti, muryar ta riga ta dagule, kuma rariyar da take bayan wannan mataki ba ta da abin da za ta ceto. Soso ko rigar gashi da ake sa wa makirfo su suke tare iska tun daga ƙofa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen murya. Tushen muryar babban namiji yana tsakanin haz 85 da 180, na mace kuwa tsakanin 165 da 255. Idan aka ɗaga rariya zuwa haz 150 ko 200 don a tsere wa gurnani, muryar mace za ta tsira da ɗan rauni, ta namiji kuwa za ta rame. Mai yiwuwa a yi fargabar cewa karin sauti zai salwanta, tun da Hausa harshe ne da hawa da saukar murya suke bambanta ma'ana. A nan fargabar ba ta da tushe sosai, domin kunne yana iya gano tushen murya daga sautukan da suke samansa. Shi ya sa ake fahimtar Hausa ta tarho, wanda bisa tsohon tsarinsa ba ya ɗaukar abin da yake ƙasa da haz 300. Abin da yake ɓacewa shi ne kwarjini. A wasan kwaikwayo wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin sarki ko alƙali ko uba mai faɗa da murya yake cika fage, in kuwa aka tace ta fiye da kima sai ya koma kamar mai magana ta cikin gwangwani. Tambari da ganga sun fi shan wahala, saboda nauyinsu a ƙasa yake.

Duk da haka akwai inda ragin yake gyara murya. Makirfo mai fuskantar gefe guda yakan ƙara wa murya kauri idan baki ya matso kusa da shi, don haka mai gabatar da shiri da ya kusanci makirfo yana buƙatar rariya domin muryarsa ta koma yadda take. Wanda aka rataya wa makirfo a sanda daga sama ba ya cikin wannan hali, bai kamata a yi musu awo da mudu ɗaya ba.

Bugu da ƙari, abin da aka zubar a lokacin ɗauka da wuya ya dawo a ɗakin tacewa. Sau da yawa akan kunna rariya a makirfo, a sake kunna wata a na'urar haɗa sauti, sannan mai tacewa ya ƙara ta uku a kwamfuta, ba tare da ɗaya ya san abin da ɗaya ya yi ba. Ra'ayin wannan bincike shi ne a tsaya wajen haz 80 a fagen ɗauka, a rubuta hakan a takardar aiki, sauran ragin a bar wa mai tacewa, wanda yake da lasifika mai kyau da damar sake saurare.