Jinjina ga Masu Saita Bawul a Yankara

A Yankara, kan hanyar Funtua zuwa Gusau, akori-kurar Peugeot 504 na nan tana jan buhunan masara da dawa daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya daɗe da daina fitar da ita. Bakanike ne ya hana ta kwanciya, kuma shi na zo yi wa jinjina.

Wajen saita bawul, sai inji ya huce sarai yake taɓa shi, galibi da sassafe, domin ƙarfe na buɗewa idan ya ɗau zafi. Ya cire murfi, ya juya inji da hannu, silinda bayan silinda. Ya sassauta noti da sifana, ya zura siririn ƙarfen awo a tazarar bawul, yana murza sukuddireba har awon ya riƙa wucewa da ɗan cijewa. Bawul ɗin shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Wurin ɗaure noti ake gane gwani: hannu ya ɗan motsa, saiti ya tashi, sai a sake.

Tazara ta yi yawa, inji ya dinga ƙas-ƙas, ƙarfi ya ragu. Ta matse kuwa, shiru za ka ji, amma bawul na ƙonewa a ɓoye, kuma wannan ya fi tsada.

Ladan aikin bai taka kara ya karya ba, ga shi yara masu koyo sun fi karkata ga motocin kwamfuta. Allah ya ƙara wa iyayen gidan nan lafiya, ya ba su magada.