"Na Yafe Duniya da Lahira": Nazari a Kan Al'adar Neman Yafiya

Duk shekara idan aka fara jigilar maniyyata, akwai zagayen da Bahaushe ba ya tsallakewa. Za ka ga dattijuwar da saura kwana biyu ta shiga sansanin alhazai ta yafa mayafi tana bi gida gida. Ta leƙa ɗakin kishiyarta, ta shiga gidan maƙwabciyar da suka shekara ba sa ga-maciji saboda faɗan yara, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, tafiya ta zo. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini." Waccan ta amsa, "Ba ki yi mini komai ba. In ma kin yi, na yafe duniya da lahira. Allah ya yafe mu baki ɗaya." Sau da yawa sukan rabu kowacce tana share ido da gefen mayafi.

Haka ake yi a gefen shimfiɗar majinyacin da jiki ya yi tsanani, haka amarya take durƙusawa gaban iyayenta daren da za a kai ta. Ko a wajen jana'iza, kafin a ta da kabbara, akan yi cigiyar mai bin mamaci bashi, wani daga cikin dangi ya miƙe ya ce ya ɗauke.

Tushen wannan duka abu ɗaya ne da kowane ɗan makarantar allo ya taso da shi: haƙƙi iri biyu ne. Na Allah, in ya so ya yafe. Na bawa kuwa yana nan rataye har sai mai shi ya sauke da bakinsa. Shi ya sa "Allah ya isa" take da nauyi a kunnen Bahaushe. Ɗan dakon da aka hana ladansa ba shi da lauya, 'yar aikin da aka kora ba albashi ba ta san hanyar kotu ba, amma in ɗayansu ya ɗaga ido sama ya ce "ban yafe ba", attajirin da ya cuce shi yakan kwana da abin a rai. A ganina nan ne darajar al'adar take, domin ta damƙa mabuɗi a hannun wanda aka zalunta, komai ƙanƙantarsa.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke karɓe wannan mabuɗin daga hannunsa da sunan sulhu. Na taɓa zama a wani zaman biko. Matar ta yi yaji ne bayan duka, har lokacin kumburin bai gama sacewa daga kuncinta ba. Mijin ya zo da dattawa biyu da ƙullin goro. Kusan awa guda ana magana, duk a kanta take: ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, ki dubi 'ya'yanki, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Shi kuwa kansa a sunkuye, abin da ya fito daga bakinsa bai wuce "sharrin shaiɗan ne" ba. Babu wanda ya ce masa ya faɗi abin da ya yi. Da kawunta ya tambaye ta ko ta yafe, me za ta ce a gaban manya? Ta ce ta yafe, muryarta ko fita ba ta yi. Aka shafa fatiha, aka rufe da cewa abin da ya wuce ya wuce, kada a sake jin maganar. Daga ranar, duk sanda ta ambaci dukan, ita ce mai riƙo.

Irin wannan zaman ake yi wa marayun da baffansu ya sayar da gonar gado. Akan ce su bar wa Allah don zumunci, gonar kuma ba ta dawo ba.

Addinin da muke jingina al'adar da shi bai tsara haka ba. Malamai sun kafa wa tuba sharuɗɗa uku: barin laifin, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan laifin ya taɓa ɗan'adam sai su ƙara na huɗu, wato mayar masa da haƙƙinsa ko neman ya yafe. A hukuncin kisasi da ya zo a aya ta 178 ta Suratul Baƙara, magada ne suke da zaɓin yin afuwa, ba wani ne zai yi kyauta da jinin ɗan'uwansu ba.

Batun mantawa kuwa, labarin Wahshi ya ishe mu. Shi ne ya soki Sayyidina Hamza da mashi a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Bayan an buɗe Makka ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa shi ba. Amma ya tambaye shi yadda ya kashe baffansa, ya saurara, sannan ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gabansa. Afuwa ta tabbata, ciwon kuma ba a ɓoye shi ba. To wane ne mu da za mu ce wa matar da aka kumbura wa fuska ta goge abin daga zuciyarta cikin yini ɗaya? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya yi tsalle, ba ƙullaci ke damunsa ba.

Kada a ɗauka ina kiran mutane zuwa ga gaba. Shari'a ta hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, kuma mun san Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, amma da aya ta sauka a Suratun Nur ya ci gaba da ba shi. Na ga mutanen da riƙo ya cinye, 'yan'uwa ciki ɗaya da suka tsufa ba sa gaisawa a kan katangar da ba ta kai taku uku ba. Mai yafewa da zuciya ɗaya shi ne ya fara hutawa. Sai dai zuciya ɗayar ba ta samuwa da matsin taro.

Mun ga wannan kuskure na yafewa a madadin mai haƙƙi a mataki mafi girma. Gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta yi wa 'yan bindiga afuwa a wa'adinta na farko, ta sake zama da su a 2019, shekarar da Bello Matawalle ma ya yi nasa sulhun a Zamfara. A 2020 Masari da bakinsa ya ce sun ci amana, kuma a watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Gwamnati tana iya ajiye tuhuma don neman zaman lafiya, wannan huruminta ne. Amma matar da aka kashe wa miji a gona, wa ya je ƙauyensu ya tambaye ta ko ta yafe?

Ko saƙon nan da ake watsawa a WhatsApp gab da azumi, "duk wanda na ɓata wa ya yafe mini", yana da wannan raunin. Mutum ya tura wa lamba ɗari biyu, alhali ya san mutum ɗayan da ya ci wa kuɗi, bai kira shi ba.

Roƙona ga iyayenmu masu zaman sulhu, da masu unguwanni, da limamai, da jami'an Hisba: kafin ku juya ga wanda aka cuta ku ce ya yi haƙuri, ku fara sa mai laifi ya ambaci laifinsa da bakinsa, ya mayar da abin da zai mayu. Sannan in mai haƙƙi ya ce a ba shi lokaci, a ba shi, kada a shafa fatiha a kan maganar da bai gama ba.