Inda Gani Bai Kori Ji Ba

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tsohon hoto baƙi-da-fari kuwa yakan ƙaryata wannan magana duk sa'ad da aka tambaye shi launin tuta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hoto da ɗalibina ya nuna mini a wayarsa nan Difa: tutocin Rabe da Faransawa suka ƙwace a yaƙin Kusseri, ranar 22 ga Afrilu 1900, an shafa musu ja da kore da manhajar kwamfuta. Aikin ya ƙayatar da ido, amma shaidar zur ce.

Dalili kuwa, irin wannan hoto haske da duhu kaɗai yake riƙewa. Yawancin faifan ɗaukar hoto na wancan zamani ba sa jin ja, sai ya fito baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya koɗe ya kusanci fari. Wanda ya dubi tutar Faransa a kan irin wannan faifai, ya ɗauki gefe mai duhu a matsayin shuɗi, ya juya tutar ke nan.

Faifan da ya biyo baya ma bai raba gardama ba. Mu ƙaddara hoto ne na mashigin Komadugu, tuta na kaɗawa: duhu, fari, duhu, a tsaye. Ta Faransa ce a gaɓarmu kafin 3 ga Agusta 1960, ko kuwa kore-fari-kore ta Najeriya ce a ƙetare, wajen Damasak, bayan 1 ga Oktoba na wannan shekara? Launin da mai fenti ya zaɓa shi zai yanke gaɓa da shekara da mai mulki. Manhaja kuwa zato kawai take yi, ta miƙa shi da fuskar tabbas.

Shaidun gaskiya suna wajen hoton: ƙyallen da ya tsira a gidan tarihi, rubutun wanda ya gani da idonsa, bakin dattawa, ko doka, kamar ta 23 ga Nuwamba 1959 da ta tsayar wa Nijar ruwan goro da fari da kore. Siffa ma na taimakawa, domin tsawon tutar Najeriya ninki biyu ne na faɗinta, ta Faransa ɗaya da rabi.

Inda duk aka rasa waɗannan, a bar wa hoton tokarsa. Ɗalibin da ya haddace launin ƙarya yau, shi zai koyar da shi gobe.